Shin diyyar yaƙi ce ta haifi Hitila?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare. Muna cikin darasin Yarjejeniyar Versailles sai wani ɗalibina ya nuna mini bidiyo a wayarsa. Wani ne ke bayani da Hausa cewa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya an ɗora wa Jamus diyyar mak (kuɗin Jamus) biliyan 132, aka tatse ta har mutane na tura kuɗi a baro su sayo burodi, wai kuma sai a 2010 ta gama biya. Ya ƙarasa da cewa Hitila ba mugu ba ne, tashi ya yi ya ƙwato wa ƙasarsa haƙƙinta. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne yawancin ajin sun yarda, ni kuma na kasa musawa, domin littafin da muke koyarwa da shi ma cewa ya yi tsananin yarjejeniyar ne ya jawo yaƙi na biyu. Don Allah a warware mini. Nawa aka ce Jamus ta biya, nawa ta biya, kuma da gaske diyyar ce ta kawo Hitila? Ina tsoron in bar yaran nan da wannan tunani.

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri da ba ka bar maganar ta wuce haka ba. Ba abin mamaki ba ne ka kasa musawa nan take, domin lambobin da mai bidiyon ya kawo duk suna nan a takarda. Akwai biliyan 132, an yi zamanin da ake ɗibar kuɗi a kwando da baro, an kuma yi wani biya a 2010. Abin da ya yi shi ne ya jera su kamar ɗaya ce ta haifi ɗaya, sannan ya rufe da wanke Hitila.

Mu fara da biliyan 132 ɗin. A ranar 5 ga Mayu 1921 ƙasashen ƙawance suka miƙa wa Jamus jadawalin biya daga Landan, kuma ba dunƙule ɗaya ba ne, kashi uku aka yi shi. Kashi na A mak biliyan 12 na zinariya, kashi na B biliyan 38, kashi na C biliyan 82. Na A da na B kaɗai, wato biliyan 50, aka sa wa lokacin biya: biliyan 2 kowace shekara, da kashi 26 cikin ɗari na darajar kayan da Jamus ta sayar a waje. Na C kuwa an ce ba za a fitar da takardun lamuninsa ba sai ranar da Hukumar Diyya ta gamsu cewa Jamus na da halin biya. Kamar mutum ne ya ce zai biya ka in ya yi arziki, ku biyun kuma kun san ba wanda zai je ya tuna masa. Ba a taɓa fitar da takardun C ba, ba a kuma taɓa karɓar ko sisi a kansu ba.

An rubuta babbar lambar ne don kunnen mutanen gida. Firaminista Lloyd George ya ci zaɓen Disamba 1918 a Ingila cikin hayaniyar sai an matse Jamus. A Faransa gwamnati na ta kashe kuɗin gyaran ƙasa tana gaya wa jama'a Jamus za ta biya. A Janairun 1921 ma ana maganar biliyan 226 cikin shekara 42 a taron Faris. To wane ɗan siyasa ne zai koma majalisa ya ce biliyan 50 aka samo? Mahukuntan Balin sun fahimci haka sarai, don a ƙarshen Afrilu, kwanaki kaɗan kafin jadawalin Landan, su da kansu suka aika tayin biliyan 50 ta hannun Amurka. Amma su ma babbar lambar ta yi musu rana, da ita ake kuka a jarida da wajen gangami.

Abin da aka biya tun daga 1919 har aka rufe maganar a 1932 bai wuce biliyan 20 zuwa 21 ba a lissafin da yawancin masana suka tsaya a kai. Gwamnatin Jamus ta riƙa faɗin adadin da ya ninka wannan, saboda tana yi wa kayan da ta miƙa kuɗi da tsada. Kaso mai yawa ma ba tsabar kuɗi ba ne: kwal, katako, jiragen ruwa, kawunan jiragen ƙasa, dabbobi, da kadarorin gwamnati da ke yankunan da ta rasa. Sannan daga 1924 zuwa 1930 rancen da ya shigo Jamus daga waje, galibi daga Amurka, ya fi abin da ta fitar a matsayin diyya a wannan tsakanin. Da Hitila ya hau kuma ya ƙi biyan mafi yawan wannan rance.

Akwai abin da masu irin wannan bidiyo ba sa taɓa faɗa, wato diyyar ta mene ne. Shekara huɗu ana yaƙin nan a gonakin Faransa da Beljiyam, ba a gonakin Jamus ba. A Agustan 1914 sojojin Jamus suka ƙona ɗakin karatu na jami'ar Louvain da tsofaffin littattafansa. A 1917 da za su ja da baya a arewacin Faransa sai da suka sare itatuwan marmari, suka ɓata rijiyoyi, suka rushe ƙauyuka, don kada wanda ya biyo baya ya sami inuwa ko ruwa. A 1918, yaƙi na gab da ƙarewa, suka cika ramukan haƙar kwal na arewacin Faransa da ruwa, suka fasa injinan. An kwashe shekaru ana yashe su. Masana'antun Jamus kuwa suna nan tsaye ba abin da ya taɓa su. Saboda haka dole wani ya biya kuɗin gyara, ko mai biyan haraji na Jamus ko matar da aka kashe wa miji a Faransa. Jamus kuma ta riga ta amince tun kafin tsagaita wuta, ta takardar da sakataren harkokin wajen Amurka Lansing ya aika ranar 5 ga Nuwamba 1918, cewa za ta biya ɓarnar da aka yi wa fararen hula.

Kuma Jamus ba baƙuwa ba ce a wannan harka. A 1871 ta ɗora wa Faransa faran biliyan 5, ta ajiye sojojinta a ƙasar har sai an biya, Faransa ta ci bashi daga hannun 'yan ƙasarta ta gama biya a 1873 tun wa'adi bai cika ba. A Maris 1918, a Brest-Litovsk, ta yanke wa Rasha yankunan da ke ɗauke da kusan sulusin jama'arta, ta ƙara da neman mak biliyan 6 a watan Agusta. Ita kuwa a Versailles kashi 13 cikin ɗari na ƙasarta ta rasa da kusan kashi 10 na jama'arta, sai ƙasashen da take wa mulkin mallaka, ciki har da Kamaru da Togo. Ta nan ne ma Dikwa da Mubi suka dawo ƙarƙashin Ingilishi ana mulkinsu tare da Arewa, har suka zaɓi zama a Nijeriya a 1961.

Ba ina wanke waɗanda suka zauna a Faris suka tsara yarjejeniyar Versailles ba ne. Sun yi kura-kurai manya. Ba su zauna da Jamusawa gaba da gaba ba, miƙa musu takarda suka yi ranar 7 ga Mayu 1919 suka ce a mayar da amsa a rubuce, wanda hakan ya ba kowane mai zuga damar cewa shifta aka yi musu. Ba a ɗage takunkumin teku gaba ɗaya ba sai Yuli 1919, yara na fama da yunwa. Jan Smuts na Afirka ta Kudu ya kawo hujjar da aka cusa fanshon sojoji cikin ɓarnar fararen hula don kason Ingila ya ƙaru, wannan kuwa murɗa alkawari ne. An sa hannu ranar 28 ga Yuni ba tare da an faɗi adadi ba, aka bar ƙasa shekara biyu ba ta san bashin da ke kanta ba. Akwai kuma matsala ta gaske wajen biyan: da zinariya ko kuɗin waje za a biya, ba a samunsu sai an sayar da kaya a waje, alhali Amurka ta ƙara harajin shigo da kaya a 1922. Ita Amurkar kuma ta nace sai ƙawayenta sun biya ta bashin yaƙi na kusan dala biliyan 10, don haka ko Faransa ta so sassautawa hannunta a ɗaure yake. Duk wannan gaskiya ne, ka koya wa ɗalibanka shi. Sai dai a ganina babban ciwon yarjejeniyar a wajen aiwatarwa yake.

Marshal Foch, babban hafsan sojan Faransa, ya so iyakar Faransa ta kai kogin Rhine. Firaministan Faransa Clemenceau ya haƙura da wannan bisa alkawarin cewa Amurka da Ingila za su kawo ɗauki in Jamus ta sake kawo hari. Majalisar Dattawan Amurka ta ƙi amincewa da yarjejeniyar a Nuwamba 1919, ta sake ƙi a Maris 1920. Alkawarin Ingila kuma an ɗaure shi ne da na Amurka, sai ya faɗi tare da shi. Kujerar Amurka a Hukumar Diyya ta zama wofi. Ingila ta koma son Jamus ta farfaɗo don a ci gaba da ciniki. Faransa ta rage ita kaɗai a gaban maƙwabciyar da ta fi ta jama'a da ƙarfin masana'antu. Daga nan kowane sharaɗi sai an yi ta ja-in-ja a kansa. An ce a gurfanar da Sarkin Jamus Wilhelm, Holan ta ƙi miƙa shi, ya zauna a can har ya mutu a 1941. An ba da sunayen mutum kusan 900 da ake zargi da laifukan yaƙi, 12 kacal aka yi wa shari'a a Leipzig a 1921, hukunci mafi tsanani shekara huɗu. An ce soja kada su wuce 100,000, babu jirgin yaƙi na sama babu tanka, amma bayan yarjejeniyar Rapallo ta 1922 tsakanin Jamus da Sobiyet hafsoshin Jamus suka riƙa horar da matuƙa a Lipetsk da masu tuƙa tanka a Kazan cikin Tarayyar Sobiyet. Hukumar sa ido kan makamai ta tattara ta bar Jamus a Janairu 1927.

Ga wani ɗan sashe da na san zai ja hankalin yaranka. Sashe na 246 ya ce cikin wata shida Jamus ta mayar wa Sarkin Hijaz Alƙur'anin Halifa Usman da aka ce Turkawa sun ɗauke daga Madina sun ba Wilhelm, ta kuma mayar da ƙoƙon kan Sarki Mkwawa na Wahehe da aka kai Jamus daga gabashin Afirka. Jamus ta ce Alƙur'anin ba ya hannunta. Ƙoƙon kan kuwa sai a 1954 aka ɗauko shi daga gidan tarihi na Bremen aka mayar Tanganyika. Wata shida ta zama shekara 35.

Inda aka sami mai riƙe da maƙogwaron kuɗin, ana biya. Haka aka yi a 1871. Haka aka yi wa Iraƙi bayan mamaye Kuwait: Majalisar Ɗinkin Duniya ta riƙa cire kaso daga kuɗin man fetur, da farko kashi 30 cikin ɗari daga baya aka yi ta ragewa, har aka kammala dala biliyan 52.4 a 2022. Ba na kawo wannan don in yaba ba, talakan Iraƙi ya ji jiki a zamanin takunkumi. Na kawo ne don a ga cewa girman adadi daban, ikon karɓa daban.

Sai maganar baro da burodi. Hauhawar farashin Jamus ta faro tun 1914, lokacin da ba wanda ya san za a yi Versailles. Gwamnati ta zaɓi ta ɗauki nauyin yaƙi da bashi da buga kuɗi maimakon haraji, sakataren baitulmali Karl Helfferich kuma ya faɗa wa majalisa a 1915 cewa abokan gaba ne za su ɗauki nauyin bayan an ci su da yaƙi. Da aka sha kaye sai bashin ya dawo gida. Ministan kuɗi Matthias Erzberger ya yi ƙoƙarin gyara haraji, 'yan ra'ayin riƙau suka harbe shi a Agusta 1921. Walther Rathenau, ministan harkokin waje da ke ganin a nuna ana ƙoƙarin biya don a sami sassauci, shi ma suka harbe shi a Yuni 1922. Ba zan ce diyya ba ta da hannu ba, sayen kuɗin waje don biyan biliyan ɗaya na farko a 1921 ya taɓa darajar mak. Amma duba lokacin da abin ya haukace. A Disamba 1922 dala ɗaya na wajen mak 7,500, kuma a lokacin an riga an dakatar da biyan tsabar kuɗi. A watan nan Hukumar Diyya ta ce Jamus ta gaza kawo katako da falwayoyin waya, a Janairu ta ce ta gaza kawo kwal, wakilin Ingila kaɗai ya ƙi goyon baya. Ranar 11 ga Janairu 1923 firaministan Faransa Poincaré ya tura sojojin Faransa tare da na Beljiyam cikin yankin Ruhr na Jamus. Gwamnatin Jamus ta Cuno ta ce kowa a yankin ya ajiye aiki, ita za ta biya albashi. Da me? Da injin buga kuɗi. Wata takwas ana ciyar da yankin masana'antu mafi girma a ƙasar ba ya samar da komai. Zuwa Nuwamba dala ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2.

Shiga Ruhr ɗin ma ba abin alfahari ba ne, a masana'antar Krupp ta Essen sojojin Faransa sun harbe ma'aikata 13 a ƙarshen Maris. Amma lura da yadda aka kashe wutar. Sabon shugaban gwamnatin Jamus Stresemann ya janye yajin aikin ranar 26 ga Satumba, aka fitar da sabon kuɗi, Rentenmark, a tsakiyar Nuwamba, aka daina buga takarda barkatai, farashi ya tsaya. A lokacin sojojin Faransa na nan cikin Ruhr, ba a kuma rage diyya ko mak ɗaya ba tukuna. Wanda ya ci ribar hauhawar ita ce gwamnati, da bashin cikin gida ya narke mata, da manyan attajirai irin Hugo Stinnes da ke cin bashi su biya da takardar banza. Wanda ya yi asara shi ne malamin makaranta da bazawarar da suka zuba ajiyarsu a takardun lamunin yaƙi don kishin ƙasa.

Daga nan sai rangwame a kan rangwame. Shirin Dawes na 1924 ya ba Jamus rancen mak miliyan 800, ya mayar da biyan shekara biliyan 1 yana hawa zuwa biliyan 2.5. Shirin Young na 1929 ya sake ragewa, ya kuma ɗage sa idon ƙetare. Sojojin ƙawance suka bar yankin Rhine a Yuni 1930, shekara biyar kafin wa'adi. Shugaba Hoover na Amurka ya kawo shawarar da ta dakatar da biya a 1931. A Lausanne, Yuli 1932, aka yafe komai sai biliyan 3, su ma ba a biya ba. Abin da aka biya ranar 3 ga Oktoba 2010 kuwa ragowar kuɗin ruwa ne na rancen Dawes da Young, wanda yarjejeniyar bashi ta Landan ta 1953 ta jinkirta har sai Jamus biyu, ta Gabas da ta Yamma, sun haɗe. Masu riƙe da takardun lamuni aka biya, wato mutanen da suka ba Jamus rance.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi damuna, don ba a ajinka kaɗai yake ba. Kullum sai na ci karo da shi, a wajen ɗaliban jami'a, a majalisar hira, har a bakin mutanen da ake kira masana. Mutum ya riƙe waya, ya ɗora kiɗa a ƙarƙashin hoton soja, ya karanto abin da ya kwaso daga shafukan Turawa masu ƙin baƙar fata, ya juya shi da Hausa, dubban yara su kalla. Littattafan jarrabawa kuma sun share masa hanya da jimla ɗaya da ake haddacewa don maki biyu: yarjejeniya ta yi tsanani, sai Hitila ya zo. Wallahi wannan jimlar ta yi ɓarna fiye da yadda masu rubuta ta suke zato.

Ka rubuta wa ɗalibanka sakamakon zaɓe a allo su gani da idonsu. A Nuwamba 1923, lokacin da hauhawar farashi ta kai ƙarshe kuma sojan Faransa na Ruhr, Hitila ya yi yunƙurin juyin mulki a Munich, 'yan sanda suka tarwatsa su, ya tafi kurkuku. A zaɓen Mayu 1928, shekarar da biyan diyya ya doshi mafi girmansa, jam'iyyarsa kashi 2.6 cikin ɗari ta samu, kujera 12. A Satumba 1930, bayan an rage diyya kuma sojan ƙarshe ya bar Rhine, ta sami kashi 18.3, kujera 107. Ranar 31 ga Yuli 1932, mako uku bayan an binne diyyar a Lausanne, ta sami kashi 37.3, kujera 230. In diyya ce ke kawo masa ƙuri'a, me ya sa ƙuri'ar ke hawa daidai lokacin da diyyar ke sauka? Abin da ya canza tsakanin 1928 da 1932 shi ne karyewar tattalin arzikin duniya daga 1929, janyewar rancen Amurka, faɗuwar bankuna a 1931, da mutum miliyan 6 marasa aikin yi. Shugaban gwamnati Brüning ya ƙara wa wutar fetur da tsuke bakin aljihu, yana rage albashi yana ƙara haraji, wani ɓangare don ya nuna wa duniya Jamus ba za ta iya biya ba. Nan ne hannun diyya yake na gaske: makami ce ta siyasa. Kamfen ɗin adawa da Shirin Young a 1929 shi ya shigar da Hitila jaridun attajiri Hugenberg, duk da cewa ƙuri'ar raba-gardamar ta sha ƙasa. Kuma ko a ƙarshe ba rinjaye ya samu ba. A Nuwamba 1932 ƙuri'arsa ta sauka zuwa kashi 33. Tsohon shugaban gwamnati Papen da 'yan fadar Shugaba Hindenburg ne suka ƙulla aka naɗa shi ranar 30 ga Janairu 1933, suna zaton za su juya shi.

Ƙaryar da ta fi yi masa aiki ma ta girmi maganar diyya. Ita ce wai ba a ci sojan Jamus a fagen fama ba, daga baya aka soke shi, Yahudawa da 'yan gurguzu da 'yan siyasa suka ci amana. Alhali Janar Ludendorff ne da kansa, a ƙarshen Satumba 1918, ya matsa wa gwamnati ta nemi tsagaita wuta don rundunar ta kusa rushewa. Hafsoshin suka tura fararen hula su sa hannu, sannan Hindenburg ya tsaya gaban kwamitin majalisa a Nuwamba 1919 ya shafa musu kashin kaji. Yahudawan Jamus kusan 100,000 ne suka yi wa ƙasar yaƙi, wajen 12,000 suka mutu. Mutanen da aka gaya wa ba a ci su da yaƙi ba, ko mak ɗaya aka ce su biya za su ga zalunci ne.

Sannan a auna mutum da abin da ya yi bayan an ba shi abin da yake kuka a kai. Diyya ta mutu kafin ya hau. Ya maido da aikin soja na dole a Maris 1935, ba wanda ya motsa. Ya shigar da soja yankin Rhine ranar 7 ga Maris 1936, ba wanda ya motsa. Ya haɗiye Ostiriya da yankin Sudeten na ƙasar Czechoslovakia a 1938. Da gyaran Versailles yake nema, da nan ya tsaya. A Maris 1939 ya shiga Prague, birnin da ba na Jamusawa ba. A 1941 ya auka wa Tarayyar Sobiyet, ƙasar da ba ta ma halarci taron Faris na 1919 ba. Da ya ci Faransa a 1940 ya ɗora mata faran miliyan 400 kowace rana ta Allah a matsayin kuɗin ciyar da sojan mamaya. Wane sashe na Versailles ne ya sa a kwashe yara da tsofaffi a jirgin ƙasa a kai su ɗakin hayaƙi mai guba? Wane bashi ne ya kashe Yahudawa miliyan 6, da fursunonin Sobiyet wajen miliyan 3, da naƙasassun Jamus ɗin kanta?

Na san abin da ke ƙarƙashin wannan sha'awa a wajen wasu matasanmu. Fushi ne kan abin da ake yi wa Falasɗinawa, fushin kuma yana da dalili. Amma jin zafin kisan yaro a Gaza ba ya tafiya tare da yabon wanda ya kashe yara fiye da miliyan ɗaya. Wanda ya haɗa maka su biyun cutarka yake yi, yana kuma ɓata haƙƙin da kake karewa.

Su kuma yaranmu su san matsayinsu a wajen mutumin da suke kira jarumi. Cikin sojojin da Faransa ta ajiye a yankin Rhine bayan 1918 akwai 'yan Afirka, aka yi ta kamfen a Jamus cewa kasancewarsu can abin kunya ne ga farar fata. Hitila ya rubuta a littafinsa cewa Yahudawa ne suka kawo baƙaƙe Rhine don su gurɓata jinin Turawa, ya kuma ce koya wa baƙin mutum aikin lauya hauka ne, yana kwatanta shi da biri. A 1937 gwamnatinsa ta tattara ɗaruruwan yaran da waɗancan sojoji suka haifa da matan Jamus, aka yi musu aikin hana haihuwa a asirce. A Mayu da Yuni 1940 sojojinsa sun riƙa ware baƙaƙen fursunoni daga farare suna kashewa bayan sun miƙa wuya, masana na ƙiyasta tsakanin 1,500 zuwa 3,000. A Chasselay kusa da Lyon, an tsayar da sojojin Afirka ta Yamma a fili, aka buɗe musu wuta da bindigogin tanka, sannan aka bi ta kan waɗanda suka faɗi da tankokin. Waɗannan sojoji Faransa ta ɗebo su ne daga ƙasashen da take mulka a yammacin Afirka, kuma da yawansu Musulmi ne.